Damina uku ina kai riɗina ga masu fitar da shi waje

Tun daga kakar bara mutane ke tare ni, wani a bakin masallaci, wani a kasuwa, wani ta waya, tambayar kuma ɗaya ce: kamfanin nan da ke sayen riɗi a wajenku yana da gaskiya, ko irin waɗanda ke zuwa ne su rubuta sunaye su ɗauki hotuna su yi layar zana? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan kamfanin ba. A cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma har gobe muna ciniki da su.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari a jihar Jigawa. Albashi ba ya ganin ƙarshen wata, gona ce ke riƙe da gida. Ta gado ina zuba mata gero da wake, sai wata jigawa mai kamar hekta ɗaya da rabi wadda nake yin riɗi, in kewaye bakinta da yakuwa. Da yake ina riƙe biro, ni aka ɗora wa sakataren ƙungiyarmu ta manoman riɗi, mu talatin da biyu da farko. Don haka duk wata takarda ta hannuna take bi, duk wani zagi kuma ni nake fara sha.

Kafin zuwansu, yadda uban kowa ya sayar haka muke sayarwa. Ko ka ɗora a amalanke ka kai Maigatari ranar Alhamis, ko dillali ya biyo ka har gida da tiyarsa. Tiyar nan kuwa an bubbuga gindinta ta yi ciki, a cika ta har ta yi tozo, a tallafa da hannu, in an gama a ce a yi gyara. Farashi kuma abin da ya ce an wayi gari da shi a Dawanau ne, kai ba ka je ba, ba ka da bakin musu. Mafi muni shi ne kuɗin da ake karɓa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓin yara: dillali ya ba ka, da sharaɗin in kaka ta yi riɗinka nasa ne a farashin da ya yanka tun riɗin bai yi fure ba. Mahaifina har ya rasu yana zaton duk riɗin nan Kano ake kai shi a yi kantu. Bai taɓa jin cewa a Japan ake matse shi a yi mai ba, ko cewa Turkawa na barbaɗa shi a kan burodi, ko cewa jiragen ruwa ke kwasar sa zuwa Sin.

Sun fara zuwa ne gab da faɗuwar daminar 2022. Wani saurayi malamin gona ya zo a kan babur, dagaci ya tara mu a ƙofar fada. Bai yi mana alkawarin tarakta ko tallafi ba, wannan ne ma ya sa na tsaya na saurare shi. Ya ce suna da mai saye a Jamus da ke son riɗin da ba a taɓa shi da maganin feshi ba, wanda kuma za a iya bin sawunsa daga buhu har zuwa gonar da ya fito. Duk wanda ya yarda, sai da yaron nan ya zagaye gonarsa da ƙafa, waya a hannu, ta fitar da girmanta. A nan na gane gonar da nake cika baki da ita ina cewa hekta biyu ce, ashe ba ta kai ba. Aka ba kowa kati mai lamba, aka ba mu irin farin riɗi na Ex-Sudan, da tamfol, da sababbin buhuna, duk bashi, a cire in an sayar, babu ruwa a kai.

Sharuɗɗan ne suka kori mutane da yawa tun a ranar. Ba feshin ciyawa. Ba maganin ƙwari. Ba takin zamani, sai na dabbobi da toka. Ba a zuba riɗi a tsohon buhun taki ko na magani. Ba a ajiye shi ɗaki ɗaya da waken da aka yi wa fiya-fiya ko aka jefa wa bom. In an yanka an kafa shi ya bushe, a kan tamfol za a kaɗe, ba a ƙasa ba, kuma nesa da kaji da awaki. Wani dattijo ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai ga ranar da yaro zai koya masa shanya ba.

Abin da na yaba wa malamin gonar shi ne bai tsaya a "haka aka ce" ba, ya faɗi dalili. Ya tuna mana cewa tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da muke yayyafawa da hannunmu. Ya ce Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓorodonmu, can ma jiƙa shi suke su sha kamar yadda muke yi, ta taɓa rufe ƙofa na shekaru saboda wani ƙwaron sito da aka gani a cikin kaya, manoma da 'yan kasuwa suka ji a jikinsu. Riɗi kuma Turawa suna tsananta bincikensa saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda kashin kaji da na tsuntsaye da na ƙadangare ke kawowa. Kazar da ta bi ta kan shanyarka a ƙauye tana iya sa a dawo da kwantena guda daga bakin teku. Ban taɓa kallon kajin gidana a matsayin masu hannu a cinikin ƙasa da ƙasa ba sai ranar.

Wahalar farko ciyawa ce. Wanda ya saba da feshi ya manta nauyin fartanya. Riɗi yana ƙarami ba shi da ƙarfin kokawa da ciyawa, sai da na yi noma uku, biyu da 'yan ƙwadago, ɗaya ni da yarana ranakun Asabar da Lahadi. Kuɗin da na kashe a nan ya fi na maganin feshi nesa ba kusa ba, kuma kamfanin bai taimaka da ko kwabo ba. Wannan lissafi ne da duk mai son shiga ya kamata ya yi tun da wuri, domin a wajen taro ba a cika tsayawa a kansa ba. Ga kuma wani abin da sai daga baya muka fahimce shi sosai: gonar da aka taɓa yi wa feshi sai ta yi shekara biyu tana wankuwa kafin a karɓi amfaninta a matsayin tsantsar na gargajiya. Ma'ana, damina biyu kana shan wahalar cikakken sharaɗi amma ƙarin da kake samu rabi-rabi ne. An faɗa mana, ban ce an ɓoye ba, amma an faɗa ne da sauri kamar mai karanta ƙarshen sanarwar rediyo.

Ranar awo ita ce ranar da na san ba zan koma wa tiya da daɗin rai ba. Sun zo da sikeli mai lambobi, suka ajiye a filin makarantarmu, suka juyo fuskarsa wajen mai kaya. Kafin a fara, suka ɗora wani dutsen awo mai kilo ashirin kowa ya gani ya nuna ashirin. Ana soka buhu sama da tsakiya da ƙasa, a zuba a wata 'yar na'ura ta faɗi laimar da ke ciki, a tankaɗe wani a rariya a auna dattin. Sharaɗinsu laima kada ta wuce kashi 6 cikin ɗari, datti kada ya wuce kashi 2. Buhuna bakwai na kai a shekarar farko. Da na dawo gida na zauna da biro na kwatanta da abin da tiyar dillali za ta ba ni a kan wannan kayan, sai na ga ashe duk shekara ina yin kyautar abin da ya kusa rabin buhu ba tare da an ce mini an gode ba. Aka ba ni rasit mai lambata da nauyi da farashi da sa hannu. Shekarata ashirin ina sayar da amfanin gona, wannan ce takarda ta farko da wani ya taɓa ba ni.

Ba kowa ya ji daɗin ranar ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya kawo buhu huɗu, rariya ta fitar da yashi. Ba wai zubawa ya yi ba, a ƙasa ya kaɗe, tamfol ɗin kuwa ya rufe ɗakin amaryarsa da ke yoyo. Mai awon ya rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a koma a sake sheƙewa, jibi muna nan." Kawu ya juyo kaina. "Kai Malam, kana tsaye yaron nan zai mayar da ni gida da kaya a gaban jama'a?" Na ce, "Kawu, in na sa baki aka karɓa, na mutum talatin da ɗaya ne zai lalace." Bai ce mini komai ba, ya sa aka ɗora masa kayansa. A yammacin ranar dillali ya saye su duka da yashinsu, ya biya shi a tafin hannu. Sai da aka yi sati uku Kawu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Biya a tafin hannun nan shi ne inda kamfanin ya fi ba ni kunya. A takarda an rubuta kwana uku kuɗi zai shiga asusu. Shekarar farko sai da muka yi kwana goma sha tara. Kullum da safe mutane a ƙofar gidana, wani zai kai matarsa asibiti, wani an sa ranar 'yarsa, wani mai shago ya tsare shi. In na kira ofis a ce ana jiran sakamakon gwaji daga Legas, gobe a ce manaja ya yi tafiya, jibi ba a ɗauka. Da kuɗin suka shigo kuma, waɗanda suka kai kaya a zubi na ƙarshe sai suka faɗa cikin rikicin canjin kuɗi na farkon 2023. Ga kuɗi a waya, ga yunwa a gida. Mai POS ya yanki abin da ya ga dama, bankin da ya fi kusa kuma sai ka je Gumel ka wuni a layi ka dawo hannu rabbana. Canjin kuɗi ba laifin kamfani ba ne, na sani. Amma da sun biya a kwana ukun da suka rubuta, da yawancinmu sun cire abinsu kafin abin ya ƙazanta. Mutum tara suka fita daga ƙungiya a wannan shekarar, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba.

Shekara ta biyu sun gyara, kwana biyar kuɗi ya shigo. Ta uku kuma suka raba shi biyu: farashin kasuwa na ranar da ɗan ƙari a cikin sati, sai ladan tsabta bayan kaya ya isa an karɓa. Wannan kaso na biyu ya zo mana ana cikin azumi, lokacin da kowa ya cire rai, ya kuwa yi rana. Nawa ya saya mini buhun masara da ɗinkin sallar yara. In na haɗa duka, abin da na samu a kan kowane kilo ya ɗara na kasuwa da kamar kashi goma cikin ɗari, ban da ribar sikeli. In na cire kuɗin noman hannu, ribar ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba.

Akwai wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga tsakiyar 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta yi tashin gwauron zabo. Kamfani da kuɗin waje ake biyan sa, mu da naira yake biyan mu, a farashin watan Nuwamba lokacin da kowa ya fito da kaya kasuwa ta cika. Wanda ya iya ɓoye riɗinsa zuwa Fabrairu ko Maris na 2024 ya sayar da tsadar da ta shanye duk wani ƙarin da aka ba mu. Na tambayi wani babba a cikinsu, "Ranka ya daɗe, nawa Bature yake biyan ku a kan tan ɗaya?" Ya yi dariya ya ce wannan sirrin kasuwanci ne. To su sun san girman gonata, sun san yawan 'ya'yana, sun san abin da na zuba a ƙasa da ranar da na zuba, har hoton ɗakin ajiyata suna da shi. Bin sawun nan hanya ɗaya yake bi, daga sama a leƙo mu. Mu ba mu da tagar da za mu leƙa sama. Duk wanda zai kira wannan ciniki na adalci, to ya san adalcin bai gama nuna ba.

Ban ce suna cin riba a banza ba. An gayyaci shugabannin ƙungiyoyi zuwa sitonsu a Kano, na je na gani. Injin tankaɗe, injin cire tsakuwa, da wani da ke duba ƙwaya ɗaya-ɗaya yana hure baƙaƙe gefe, duk a kan janareto suke, dizal kuwa kowa ya san kuɗinsa. Ga kuɗin gwaji, ga na masu zuwa duba gonaki duk shekara su sabunta shaidar cewa ba a sa wa riɗin magani ba, ga takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona, ga tirelar da za ta yi tafiyar kilomita wajen dubu zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas tana tsayawa a kowane shinge. Na tambaya me ya hana su amfani da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairun 2023, tun da ga ta a hancinsu. Aka ce mini ko an rufe kwantena a Kano, dole dai sai ta gangara teku. A can cikin siton na hango jerin buhuna da lambar ƙungiyarmu a jiki. Ban san lokacin da na je na dafa ɗaya ba. Daga kan wannan lambar, in wani a Jamus ya ga matsala, za a iya dawowa har filin makarantarmu a ce ranar kaza aka auna.

Wannan lambar ce kuma ta kusa kashe mu a shekara ta biyu. Ganin akwai ƙari, wani ɗan ƙungiya ya je Gujungu ranar Lahadi ya sayo buhu uku ya juye a buhunan kamfani. Bai san tun riɗi na tsaye malamin gona ya ƙiyasta abin da kowace gona za ta iya bayarwa ya rubuta ba. Gonar da aka sa wa buhu huɗu ta kawo bakwai. Aka ware kayansa, aka tsayar da na kowa kwana biyu ana bincike. Da an gauraya an tafi, aka samu magani a gwaji, shaidar ƙungiyar gaba ɗaya za a soke. Mu da kanmu muka cire shi, ba kamfani ba. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya, har yau matanmu ba sa aron turmi.

Inda na fi jinjina musu shi ne wajen mata. Mata shida ne a cikinmu, huɗu zawarawa da marayu a hannu. Kamfanin ya ƙi yarda a rubuta sunan wa ko ɗa ko miji a madadin mace, ya ce mai gona ita ke da kati, asusunta kuɗi zai shiga. Ni na raka wata tsohuwa aka buɗe mata asusu, da alat ya shigo ta miƙo mini waya ta ce, "Malam, karanta mini sau biyu." Na karanta. Ta ce, "Duka nawa ne, ba wanda zai ce a kawo ya ajiye mini?" Na ce, "Naki ne, Inna." Bara ma sun fara karɓar zoɓorodo, wanda dama aikin mata ne, su ke ɓararsa har hannu ya yi ja ya yi ƙaiƙayi. Sai dai a nan tsananinsu ya yi yawa: wanda ya karye ko ya dushe ba sa so, ga shi ba su kawo ragar shanya ba sai baki. Yawancin matan sun kai nasu kasuwa.

Malaman gonarsu kuma ba sa daɗewa. Uku muka yi a damina uku. Na farkon ya san aikinsa, yana shiga gona har gwiwa. Na biyun daga kan babur yake ɗaukar hoto. Lokacin da tsutsa ta naɗe ganyen riɗi a 2023 muka kira shi, sai da ya yi kwana takwas ya zo, ya ce a jiƙa 'ya'yan darbejiya a fesa. Maganin ya yi aiki daidai gwargwado, amma da ya zo da wuri da ban rasa gefen gonata na gabas ba. In ka hana mutum maganin kanti, to wajibi ne ka kasance kusa ranar da ƙwari suka sauka.

Masu tambayata ko su shiga, ga abin da nake ce musu. In kana da gero a rumbu da zai kai ka sati biyu ba ka taɓa kuɗin riɗi ba, kana da hannayen da za su yi maka noma, kuma kana da ɗakin da za ka ware, shiga, za ka ga amfanin sa. In kuwa riɗin nan shi ne kuɗin maganin gobe da safe, kamfanin nan bai shirya maka ba tukuna. Ba sa ba da bashin Agusta, kuma wanda ya ba ka a Agusta shi ke da kai a Nuwamba. Dillalinmu ya san haka sarai, shi ya sa ko a jikinsa. Yakan tsaya a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, ya mutanen Jamus? Sun aiko da gaisuwa?"

A taronmu na bayan sallah mun rubuta musu buƙatu uku, na sa hannu dagaci ya buga hatimi: a riƙa biyan rabin kuɗi a wurin awo, a ba da rancen noma a watan Yuli a cire a kaka, sannan a bar wanda ya so ya ajiye kayansa a sitonsu ya zaɓi ranar da za a yanke masa farashi. Sun amsa ta farko da baki, sun ce ta biyu suna dubawa, ta uku ko ambatonta ba su yi ba. Bana na sabunta katina, mu ashirin da shida ne yanzu. Biyu bisa uku na abin da Allah ya ba ni zan kai musu, sauran in ɗinke in jingine a ɗaki zuwa Maris in ga abin da kasuwa za ta yi. Kawu ma ya aiko ƙaramin ɗansa shekaranjiya, wai a tambaye ni ko har yanzu ana ba da tamfol.